Takardar da Na Naɗe Aska da Ita

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar matata Hajara, kuma har yau abin da nake fatan a ce ban yi ba shi ne wulaƙanta wata 'yar takarda da ta kawo mini.

Ni wanzami ne a Fagge, gadon ubana. A zamaninmu haƙori namu ne, jiki na likita. Mai ciwon haƙori ya zo, in sa masa kanumfari, in ya ƙi ji in ɗauko awartaki daga zabira. Da dasashin Hajara ya fara jini, haƙoranta suna girgiɗi, ni na cire mata guda huɗu da hannuna. Tana ta ramewa, tana shan ruwa kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ni kuwa bakin kawai nake kallo.

Wata rana ƙanwarta ta kai ta wurin wani likitan haƙori a Sabon Gari. Bai cire komai ba, takarda ya ba ta.

Da Hajara ta dawo ta miƙo mini ita ta ce, "Malam, ya ce ba haƙorin ba ne, a je a auna jinina."

Na ce, "Mai haƙori ina ruwansa da jini? Kowa ya tsaya a sana'arsa."

Na karɓi takardar na naɗe aska da ita. Kishin sana'a ne ya rufe mini ido, wanzami dai ba ya son jarfa. Hajara ba ta sake tayar da maganar ba. Sai da ta faɗi a tsakar gida aka kai ta asibiti, aka ce ciwon sukari ne, ya daɗe yana cin ta. Kwana shida ta yi ta rasu.

Bara jikata ta raka ni asibiti. Likitan da ya auna ni ya tura ni ƙofa ta gaba, wurin mai duba haƙori, suna karanta takardar juna. Na zauna a benci ina tunanin abin da Hajara za ta ce. Na san ba za ta yi mini gori ba, ba halinta ba ne, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda. Amma da na sani ƙeya ce. Ku yi mata addu'a. In kuma mai duba bakin wani naku ya ce a je a auna jini, don Allah ku kai shi a ranar.