Kawu Ummaru, Mai Auna Hannun Yara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsakar gida can Sabiyal, ina tuƙa tuwon masu dashen albasa, sai ga maigidana ya shigo tun rana ba ta yi tsaka ba, ƙafafunshi duk laka. Bai taɓa baro fadama irin wanga lokaci ba. Yat tsaya bakin madafi yac ce, "Kawu Ummaru ya cika. An aiko daga Jega." Muciya tana hannuna, na kasa aje ta. Sai nik kai ɗaya hannun baya nit taɓa ɗiyata Saratu da ke goye, don na san wanda ke tsaye tsakaninta da yaye ya tafi.

Malama, kin ce ke ɗalibarshi ce can jami'a, kuna tara maganar mutane a kanshi cikin rikodar ga. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ki yi haƙuri, ban saba magana gaban manya ba, kuma jikina ya yi nauyi. Abin da nig gani shi za ni faɗi.

Kawun maigidana ne, ƙanen Inna, surukata. Inna tana zaune Karaye wurin babban ɗanta, can ne ma anka haifi Kawu. Ana ce mashi Dakta. Ranar da anka fara faɗa mani haka, sai nik kai mashi kukan haƙorina. Yay yi dariya har da riƙe ciki, yac ce, "Ɗiyata, ni Daktan da bai san allura ba ne. Ciwon ƙasa nike dubawa." Maigidana yac ce, "To Kawu, ƙasar ta samu sauƙi?" Yac ce, "Tana nan kwance, ka je ka gaishe ta."

Aikinshi, yadda nif fahimta, tambaya ce guda shike bi. Mutum biyu, fadama guda, iri guda, taki guda, ruwa guda. Wanga ya cika rudu, wato rumbun ajiya, da albasa, wancan ko rabi bai samu ba. Mi ya sa? Mutanenmu suna cewa rabo. Shi kuma sai shi ce, rabo gaskiya ne, amma bari mu duba ta inda rabon ke shigowa. Shina zama gindin rudu da manoma, shina tambayar su wa ya kwanta zazzaɓi lokacin dashe, wa ke iya karanta abin da ke jikin buhun taki, wa ke gajiya tun kafin azahar. Daga nan sai shi koma baya, shi tambayi yadda anka yi renon mutum tun shina ƙarami. Ya zaga Aliero, ya zaga Liba, ya zaga Maiyama, da wata tsohuwar mota da sai an tura.

Shina da wani ɗan ƙyalle siriri mai launi a aljihu, da shi shike auna damtsen yara. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kabi ba, kowa shina jiran abin da sabuwar jiha za ta kawo. Sai labari yab bazu Sabiyal cewa riguna za a ɗinka ma yara, Dakta ne ke ɗaukar awo. Mata sunka yi ta turo ɗiyansu, har da waɗanda sunka isa kiwo. Wata tsohuwa tac ce a yi ma jikanta da ɗan yalwa don shina girma. Kawu bai yi masu ƙarya ba. Yat tara su yac ce babu riga, shina duba wanda yunwa ke ci a ɓoye ne. Rabi sunka watse suna tsaki. Waɗanda sunka tsaya, duk yaron da yag ga hannunshi ya sirance, sai shi sa shi mota da uwar zuwa asibitin Jega, shi jira su bakin ƙofa.

Na ji shi da kunnena shina ce ma maza, "Kuna murna za a yi titi, za a yi ofisoshi Birnin Kabi. Madalla. To wa za shi yi aiki cikinsu? Yaran ga da ke goye. In sun tashi da ƙarfi da karatu, jiha ta tashi. In sun tashi a raunane, ko an zuba maku injin ban ruwa kowace gona, nan za ku tsaya." Maza suna gyaɗa kai, sannan su tambaye shi ko ya ji yaushe taki za shi iso.

Ni abin da ya haɗa ni da shi ya fi wannan. Ɗana na fari, ba ni faɗin sunanshi. Ina goyonshi nis samu ciki, abin da muke ce ma kwanika. A wurinmu in haka ta faru, an ce nono ya ɓaci, ya zama na wanda ke ciki, in yaro ya ci gaba da sha za shi lalace. Sai a cire shi rana guda a kai shi wurin kaka, nesa, don ya manta uwar. Haka anka yi. Inna taz zo taɗ ɗauke shi zuwa Karaye, ana tsakiyar dashe. Ba mugunta tay yi ba, Allah shi ne shaida. Amma lokacin dashe tsohuwa ita ke dafa ma 'yan aiki, ita ke kai masu. Yaro shina zaune ƙasa da ɗan koko mai ruwa, shina kuka, ya ƙi ci. Sai zawo. Ko da anka aiko in zo, an riga an rufe shi. Cikin ma daga baya ya zube. Anka ce kwana ne ya ƙare, ni ma haka nic ce.

Da Kawu yaz zo gaisuwa, bai yi mani wa'azi ba. Yaz zauna bakin ƙofar ɗakina. Can yac ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Duk garin da nij je, yaran da anka yaye lokacin dashe su nike samu da ƙananan hannu. Waɗanda sunka rayu kenan." Ranar nif fara sanin abin yana da hanya, ba daga sama kawai yaf faɗo ba.

Allah yab ba ni Saratu. Kawu ba shi kiran ta da suna, sai Gwamna. Da ya shigo, "Ina Gwamna? A faɗa mata talakawa sun zo gaisuwa." Shina kawo mata gyaɗa da ƙwai, shi tsaya sai ya ga an dama kunun an ba ta. Bana kuma, ko tafiya ba ta yi ƙwari ba, sai nij ji jikina ya sake, wani ciki ya shiga. Na ɓoye iyakar ɓoyewa. Inna taz zo ganin gida, kallo guda tay yi mani tac ce, "Ki haɗa kayan yarinyar ga."

Maigidana ba shi iya musu da uwarshi, ban kuma ga laifinshi ba. Amma ya yi abu guda, ya hau keke ya je Jega ya faɗa ma Kawu. Washegari sai ga mota. Kawu yad durƙusa yag gaida Inna, yac ce, "Yaya, ni da ke duk ba mu san cikin nono ba. Mu je mu tambayi wadda ta sani." Inna tac ce, "Ummaru, ni nig goye ka. Yau kai za ka koya mani reno?" Yac ce, "Ai shi ya sa nif fito da ƙaton kai, Yaya, kin ba ni kunu da yawa." Sai da tay yi dariya ba ta so. Munka tafi asibiti mu uku. Malamar asibiti tad duba ni, tac ce nonona lafiya lau, in ci abinci sosai, a riƙa ƙara ma yarinya kunu a hankali har ta saki da kanta, kuma kada a raba ta da ni. Inna ba ta yarda ba, na gani a fuskarta. Tac ce dai, "Tunda kai kac ce, na bari. In wani abu ya same ta, wuyanka." Yac ce, "Na ɗauka."

Ranar, muna dawowa, nig ga ya gaji ƙwarai. Shina tuƙi shina tari. Maigidana ya taɓa tambayar shi ko manyan gwamnati sun karanta abin da yar rubuta masu kan yaran. Yac ce, "Sun ba ni lemu, sun yi mani godiya." Ashe ciwon shina cin shi tun lokacin, bai faɗa ma kowa ba sai Hajiya, matarshi.

Da munka zo nan gidan Kawu zaman makoki, Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ƙanenta ne, ita tay yi renonshi. Bayan an yi addu'ar uku, mata sun fara raguwa, tak kira ni gaban Hajiya tac ce, "Wanda yaɗ ɗauki nauyin ya tafi. Ni ba ni iya ɗauka. Na rufe jika guda, ba ni son in ga nonon ciki ya kashe ta biyu. Gobe da Saratu za ni koma Karaye." Malama, ana tsakiyar dashe yanzu, kamar wancan karon. Ina son in ce a'a, amma wa ke musu da suruka? Saratu kuwa tana jan ɗankwalina tana wasa.

Hajiya tana zaune kan tabarmar takaba. Sai taɗ ɗago kai tac ce, "Yaya, ina roƙon arziki. 'Ya'yana duk za su koma makaranta nesa, gidan ga ya yi mani faɗi. Ki bar mani yarinyar ga ta zauna da ni har in fita takaba, ita da ɗiyarta. Ba ni iya kwana ni kaɗai." Inna tad dube ta, tad dube ni. Ta san abin da ake yi, ba yarinya ba ce. Amma wa ke hana mai takaba abin da tar roƙa, mijinta ko ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba? Tas share ido da bakin mayafi tac ce, "Ku zauna. Allah shi sa ku ne da gaskiya." Da za ta tafi, tak karɓi Saratu tar riƙe ta ɗan lokaci, sannan tam miƙo mani ita da hannunta.

Shi ya sa kinka same ni nan. Tsoro bai bar ni ba. In Saratu ta yi atishawa sai in ce ko Inna ce da gaskiya. Abin da za shi biyo bayan takaba ban sani ba, ga haihuwa tana tafe. Na gaji, Malama. Amma yau da safe ta sha nono, ta sha kunu, ta taka daga nan har bakin randa.

Allah shi jiƙan Kawu Ummaru, shi gafarta mashi, shi yalwata kabarinshi, shi sa ya huta. Yaran da yak kai asibiti, Allah shi sa su zame mashi haske. Allah shi ba Hajiya haƙuri, shi saka mata da abin da ba ni iya saka mata. Allah shi sanyaya zuciyar Inna, shi raya 'ya'yan da Kawu yab bari, shi ba ku ƙarfin ƙarasa aikinshi. Mu kuma da ke goyo, Allah shi bar mana 'ya'yanmu. Amin.