Bencin Kawu a Tsibirin Shamian

Jiya ina zaune a wani benci a tsibirin Shamian, sai wani mai ɗaukar hoton amare ya yi min alama in matsa, wai ina ɓata masa hoto. Nan take na tuna marigayi Kawu.

A wannan bencin yake zama bayan Juma'a, ƙarƙashin bishiyar nan mai saiwoyi kamar gemu, babbar rigarsa na ƙamshin almiski da danshin kogi. Ranar da aka ce shi ma ya tashi daga bencin, ina gefensa, sai ya riƙe hannuna.

"Zauna, 'yata. Turawan da suka mulki Kano da Maraɗi sun taɓa kafa ƙofa a gadar can, suna hana 'yan ƙasar nan shigowa tsibirin. Yau ina ƙofar?"

Ban matsa ba, Kawu. Allah ya yalwata makwancinka, inda ba mai cewa ka gusa.