Wutar Fulogi a Makera

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, cikin garin Kaduna. Abin hawana wani tsohon keke mai inji ne da na gada daga mahaifina, irin wanda sai ka yi ta murza feda kafin ya ga dama ya tashi. Abokan aiki suna ce masa Baba Tsoho. Ban taɓa jin haushi ba, tunda shi ke kai ni shi ke dawo da ni.

Lokacin gari bai gama lafawa daga rikici ba. Ni da matata mun bar ɗakin hayarmu na Makera, mun koma gidan mahaifiyata a tsallaken kogi. An sa dokar hana fita, shida na yamma na yi sojoji su tare gada. A rikicin nan ne ƙanena ya fita bai dawo ba. Mahaifiyata ta zaga asibitoci da hotonsa a hannu har ƙafafunta suka kumbura, daga nan hawan jini ya kama ta. Likita ya ce a guji tayar mata da hankali. Wayar hannu kuwa ba ta zo ba tukuna, in ka kwana a waje babu mai gaya wa gida kana raye.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ko kallona ba ta cika yi ba. Kullum da safe ta bakin matata saƙon ke zuwa: "Ki gaya wa mutumin nan kada ya kai shida."

Wata rana aka tafka ruwa tun azahar. Da muka tashi aiki na tarar wani kwalbati a Makera ya cika ya malalo kan titi. Na ga manyan babura suna ratsawa, ni ma kaina ya kumbura, na danna Baba Tsoho ciki. Ya kai tsakiya, ya yi tari, ya mutu. Na jawo shi gefe na murza feda har gumi ya haɗu da ruwan sama, ko uffan. Shagon bakaniken da na sani a kulle. Na duba agogo, na ga lokaci ya ja.

Ina nan sai ga abokin aikina, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a unguwar, ya naɗe wando yana tsallake taɓo.

"Malam, ka bar wahalar nan ka kwana gidana. Maman yara za ta yi tuwo."

Na ce, "Ba wurin kwana ne damuwata ba. Inna ce."

Ya gane, don yana cikin waɗanda suka taya mu neman ƙanena. Hannu ya miƙo ya kwance agogona ya jefa a aljihunsa. "In kana kallon wannan, hannunka ba zai yi aiki ba."

Na ciro sifana na kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Akwai wata dattijuwa mai suyar doya a ƙarƙashin rumfa, muka roƙe ta mu busar da shi a gefen murhu.

"Ku ajiye, amma kada ya fashe mini a kasko," in ji ta.

Ya bushe, na mayar, na murza. Shiru. Warin fetur na tashi, ke nan mai yana zuwa, wuta ce babu. Na kwance murfin gefen inji, ruwa ya tsiyayo kamar daga buta. Na goge ciki da ƙyallen atamfa, na kankare bakin kwantak, wato inda wutar ke haɗuwa, da gefen kwalin ashana, na yi ta hurawa. Ba abin da nake gani sai Inna zaune tana sauraren ƙofa. Na jingina fulogin a jikin inji don in ga tartsatsi, amma da sauran haske, ban iya tantancewa ba.

Abokina ya ce, "Kawo wayar fulogin in riƙe. In ta zo, jikina zai faɗa."

Ya riƙe, na taka feda da duk ƙarfina. Sai ya yi tsalle ya kwarara ihu:

"Wuta! Wuta! Akwai wuta!"

Jama'a, a garin da aka ƙona gidaje kwanan nan! Kafin in ɗago, ƙofofin shaguna sun fara bugawa. Mai doya ta bar kaskonta ta zura da gudu. Wasu samari suka fito daga lungu, idonsu duk a kaina: ga hula, ga gemu, ga warin fetur a hannu. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko salati ya ƙi fita daga bakina.

Abokina ya sha gabana ya ɗaga wayar sama. "Wutar mashin ce! Wutar fulogi! Ɗan'uwana ne, tare muke aiki!"

Aka yi cirko-cirko. Can sai ga dattijuwar ta dawo tana haki, ta ɗauki matsaminta ta maka masa a kafaɗa.

"Kai da girmanka! Ba ka san kalmar da ba a faɗa a garin nan yanzu ba?"

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo. Samarin nan su suka tura ni har Baba Tsoho ya yi tari ya kama. Na manta da agogo, na manta da godiya. Na iso gada soja yana jan shinge, ya daka mini tsawa na wuce.

Na tarar da Inna a tsakar gida, sanye da mayafi da takalmin unguwa. Ba ta kalle ni ba. Ta juya wajen matata ta ce: "Ki ba mutumin nan ruwan zafi, warin fetur yake yi." Ta yunƙura za ta shiga ɗaki, sai wani abu ya zamo daga mayafinta ya faɗi ƙasa. Hotona ne. Ta riga ta shirya fita nemana, kamar yadda ta nemi ƙanena.

Ta sunkuya da sauri ta ɗauke, ni kuma na mai da ido kan takalmina.

Har yau in bakanike ya ce "wuta", sai na waiwaya kafin in tuna inda nake. Na taso ina zaton Inna ta fi son ƙanena, don shi take kira, shi take wa dariya. Har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Hoton yana wurina yanzu, gefensa ya lanƙwashe daidai inda babban yatsanta ya danne.