Malaman da Ba Sa Buɗe Littafi

Gatari na fara gani, jingine da ɗorawar bayan gidanmu a Tarai, tun kafin in sauke akwatin makaranta. Bana shekara uku ke nan da rasuwar kakana, Malam Tsoho, kuma a gindin ɗorawar nan yake shimfiɗa buzunsa.

A garinmu, ƙwarin nan masu fiffike da ke bin furanni, babba da ƙarami, mai ja da mai fari, duk malam-buɗe-littafi ake ce musu, shi ke nan. Shi bai yarda ba. Akwai wasu ƙanana da ke sauka a kan kaucin da ya tsiro a rassan ɗorawar, in sun zauna sai su tsuke fiffike. "Amaryata, zo ki ga marowatan malamai," yake ce min. "Ba sa buɗe littafi, kada ɗalibi ya leƙa." Sai ya raɗa musu malam-rufe-littafi.

A ƙarshen fiffikensu akwai ɗan zare siriri da ɗigo kamar ido, har mutum ya ɗauka kan a baya yake. Da zaren nan ya raba su gida biyu: masu zare ɗaya da masu zare biyu. Ni kuwa na ga wani mai zare biyu amma ɗigonsa ja ne, ba baƙi ba, na ce gida na uku ne. Ya ce, "Ɗan gidan ne dai, kwalliya ya yi." Muka bar maganar sai wata daminar. Ta zo ba ta same shi ba, ni kuma aka kai ni makarantar kwana a Kano. Sai bana hutu ya faɗo min a damina.

Da yana nan me zai ce? An samu 'yancin kai, muna haddace sunayen kogunan ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, amma duk wadda na yi wa zancen zaren fiffike sai ta tuntsire da dariya. An bayar da buzunsa, an raba allunansa. Abin da ya rage min nasa, gardamar nan ce da ba mu gama ba.

Baba ya ce kaucin yana shanye ɗorawar, ta rage 'ya'ya, gobe zai sare shi duka. Yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ba na iya ɗaga ido in yi wa Baba magana. Amma da ya ɗauki gatarin zai wasa, na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar min reshe ɗaya, na gabas ɗin nan, sai hutu ya ƙare. Akwai maganar da ba mu ƙarasa ba ni da Malam."