Mahayi na Shida

A Bukkuyum, idan ka ce kana neman Yakubu mai gyaran rediyo, sai mutane su tsaya tunani. Amma ka ce Makau Kaboyi, ko mai tallan fura za ta nuna maka shagonsa, can bayan rumfar mahauta. An haife shi ranar wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ya sa ake ce masa Makau. Kaboyin kuwa daga baya ya samo shi, lokacin da ya bi motar auduga zuwa Gusau yana ɗan shekara goma sha tara, ya shiga silima karo na farko. Ya ga mutane masu faffaɗar hula a kan dawaki, cikin ƙasa mai ƙaya da duwatsu da shanu.

"Ƙasarsu irin tamu ta," haka yake cewa. "Makiyaya na, sai dai sun samu bindiga da matsattsen wando."

Daga ranar bai warke ba. Da talabijin ta zo, duk mako sai ya taka zuwa gidan kallo don fim ɗin kaboyi. Da bidiyo ta zo, ya sayar da tumakinsa biyu ya saya, ya shiga bin kasuwannin Gummi da Anka yana tara kaset. Ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa. Rage sauti yake yi, ya tsaya gefen akwatin talabijin, ya riƙa yi wa kowa magana da bakinsa: muryar jarumi, muryar ɓarawon shanu, har da ta matar da ke kuka a bakin rijiya. Sunayen taurarin ma shi ya raɗa musu. Akwai Tsoho Mai Tabo, akwai Gajere, akwai Na-Allah wanda ba ya dariya. Dattawa sun yi shekaru suna musu a kan wanda ya fi saurin zare bindiga tsakanin Mai Tabo da Gajere, har aka taɓa yin wata guda ana gaba a kai.

Su goma ne suka riƙe kallon nan, ana kiransu 'Yan Malafa. Kowa yana da malafarsa ta kaba da ke zaune a shagon, ba a sa ta sai ranar Alhamis bayan La'asar, idan an saki labulen buhu an kunna akwati. Suna da al'ada guda: in ɗayansu ya rasu, sai a buga ƙusa a bango a rataye malafarsa, ta ci gaba da kallo daga sama. Suna kuma da dokoki biyu da Makau yake sa wa jaruman a baki kusan kowane fim. Ta farko, kaboyi ba ya barin abokinsa a daji. Ta biyu, wanda ba a nuna faɗuwarsa ba bai mutu ba, zai dawo kafin a tashi.

Da na dawo gida bayan shekaru tara ina karatu a nesa, na kai masa rediyon Inna gyara. Na tarar da malafa huɗu a bango. Ta biyar kuwa tana kan benci, a wurin da ya fi kusa da akwati, ba mai zama kusa da ita.

"Ta Bature ce," in ji Inna da na tambaye ta. Bature direban babur ne, aminin Makau tun suna samari. Shekara uku da suka wuce, cikin damina, suka ji labarin wani tsohon malamin makaranta ya rasu a Zugu ya bar kaset ɗin kaboyi da ba su taɓa gani ba. Suka hau babur su biyu suka je karɓowa. A hanyar dawowa suka faɗa hannun 'yan bindiga. Washegari Makau ya shigo gari a ƙasa, shi kaɗai, ƙafafunsa duk ƙaya, kaset ɗin a cikin rigarsa. Ba a kira waya neman fansa ba, ba a ga gawa ba, ba wanda ya iya shiga wajen ya duba. Duk wanda ya tambayi Makau, amsarsa ɗaya: "Ban ga ya hwaɗi ba."

Wadda abin ya fi ci ita ce Naja'atu, matar Bature, maƙwabciyar Inna, mai daddawa. Liman ya ce ba za a kira ta gwauruwa ba sai wanda ya gani ya yi shaida, kuma Makau kaɗai ke wurin. Shekara uku ba ta da miji, ba ta kuma yi takaba ba. Ba a yi wa Bature addu'ar mamaci ba, domin ba a yi wa mai rai.

"Ko gaishe ta ba mu iya ba," in ji Inna. "Ka ce ya maigida, ka taɓa mata ciwo. Ka ce ya haƙuri, ka kashe mata miji. Sai dai mu ce ya aiki, mu wuce."

Alhamis ta gaba na je kallo. Su biyar suka rage. Sharu mahauci, wanda ya fi kowa baki a cikinsu, ya matsa mini wuri.

"Ɗan boko ya zo ya kama ka, Makau. Yau za mu ji ko abin da kake hwaɗi shi Turawan ke hwaɗi."

"In sun hwaɗi wani abu daban, su sunka yi kuskure," in ji Makau, yana haɗa wayar batir. "Kai dai riƙe bakinka, kana warin tumbi."

Aka yi dariya, aka sa malafa, aka saki labule. Shagon ya yi duhu ko da yake rana tana waje. Kaset ɗin Zugu ya saka. Ashe tun dawowarsa ba a kallon wani sai shi. Hoton ya tsufa, yana yayyafi, launinsa ya koma kamar ruwan shayi. Fassarar Makau ba ta da alaƙa da abin da ake faɗa, amma na kama kaina ina bin tasa na bar ta Turawan.

Wajen tsakiyar fim sai shagon ya yi tsit. Makau ma ya daina magana. Aka nuno wani dogon tudu da rana a bayansa, mahaya suna ratsawa ɗaya bayan ɗaya. Na ji Sharu yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Makau ya danna, hoton ya tsaya yana rawa.

"Anwar, ƙirga muna," in ji shi.

Na ƙirga. Shida.

Ya miƙo mini kwalin kaset ɗin. Saman ya yage, sunan fim ɗin ya tafi da shi, amma hoton tudun yana nan. Mahaya biyar ne. A sauran fim ɗin ma, daga farko har ƙarshe, su biyar ne: biyar suka shiga gari, biyar suka zauna cin abinci. A kan tudun nan kaɗai ake ganin na shida, can baya, ya fi sauran haske kamar an wanke shi, jikinsa ya karkata hagu.

"Ranar da munka fara kallonsa biyar na, wallahi," in ji Sharu, babu wasa a muryarsa yanzu. "Da idona. Sai bayan kwana arba'in wanga ya hito."

Na ce musu tsohon kaset yakan yi haka, zaren ya manne da juna, hoton mutum ɗaya ya bar inuwa a gefensa.

"To inuwar wa?" in ji Sharu. "Dubi biyar ɗin, kowa zaune sak kamar taɓarya. Ka taɓa ganin inuwa ta karkace mai ita na miƙe? Bature tun da ya karye a kwankwaso haka yake zama kan babur. Ko daga Nasarawa Burkullu ya taso, in ka hango shi ka san shi na."

Makau ya dubi malafar da ke kan benci. "Yana bisa dokinsa," ya ce. "Wanda ke bisa doki ba a buga mai ƙusa."

Na yi makonni ina neman fim ɗin a waya don in ga asalinsa. Babu suna, ban kuma san fuskar kowa a ciki ba. Ban same shi ba. Duk Alhamis na koma, duk Alhamis shida. Wani makon na sa ido sosai, sai na ga kamar ya matso kusa da na biyar fiye da yadda na bar shi. Ban gaya wa kowa ba, sai Inna. Inna kuwa ta gaya wa Naja'atu.

Mace ba ta taɓa shiga shagon nan ranar kallo ba. Ran nan ana tsakar fim labule ya ɗaga, haske ya shigo, Naja'atu ta yi sallama. Doguwa ce, hijabinta ya koɗe, ƙanshin daddawa yana biye da ita. Dattawan suka ruɗe, wannan ya cire malafa, wancan ya miƙe.

"Malam Makau, an ce maigidana na nan wurinka. Na zo in gan shi."

"Naja'atu, nan ba wurin..."

"Shekara uku ina zaune inda ba wuri ba. Nuna min."

Makau ya tura kaset ɗin gaba har tudun ya fito, ya tsayar. Ba ta ƙirga ba. Ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo. Ba abin da ake ji sai ƙarar zaren kaset da sarar nama daga rumfar mahauta.

"Shi na," ta ce. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dubi Makau. "Ka ce yana da rai don yana bisa doki. Ni abin da na gani daban. An ce min su waɗancan in sun ratsa tudu suna shiga gari, su sha ruwa, su ci tuwo. Shi fa? Ka taɓa ganin ya sauka?"

Ta ci gaba:

"Kowace Alhamis ka hau da shi tudun nan, rana na dukansa, ka kashe akwati ka bar shi can. Ba salla, ba addu'a, ba inuwa. Mutum mai ciwon kwankwaso. In amininka na, sauke shi. Ni ban zo don kaina ba, na saba."

Makau ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba. Ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Da ya fara magana, da muryarsa ta gaskiya ya yi, wadda ban taɓa ji a shagon nan ba, ƙarama, ta tsoho.

Ya ce shi ke tuƙi a dawowa, domin kwankwason Bature ya motsa. Bature yana baya, ya riƙe kaset ɗin a ƙirji. Suna gangara wani rafi aka buɗe musu wuta daga cikin gero. Ya ji hannun Bature ya saki ƙugunsa. Babur ya kife. Makau ya rarrafa ya koma wurin Bature, ya tarar idonsa a buɗe, ruwan sama yana sauka a cikinsu ba ya ƙiftawa. Ya kira shi sau uku. Ya sa kunne a ƙirjinsa, babu komai. Sai ya ji baburan 'yan bindigar sun taso.

"Na duƙa in ɗauke shi, Allah na gani. Da na samu kaina cikin gero ina gudu, sai na ga abin da ke hannuna. Kaset na. Kaset na ɗauka, na bar Bature." Ya shafa fuskarsa. "Shekara arba'in ina gaya muku kaboyi ba ya barin abokinsa. Ban san ko sun taɓa hwaɗin haka ba. Ni na sa musu a baki. To da wane bakin zan shigo gari in ce ga abin da na yi?"

Can Sharu ya ce, "Da ni na, ko kaset ɗin ba ni tsayawa ɗauka." Ba a yi dariya ba, shi ma ba don a yi ya faɗa ba.

Washegari bayan Juma'a Makau ya maimaita maganar nan gaban liman da 'yan'uwan Bature. Liman ya ce ai takabar Naja'atu ta cika tun shekarar farko ba ta sani ba, domin daga ranar mutuwa ake ƙirgawa. Ta ce duk da haka za ta shimfiɗa tabarma ta zauna kwana bakwai. Mata suka yi ta shiga. Na ji Inna ta katanga tana cewa, "Naja'atu, ya haƙuri?" Ta amsa da ƙarfi, kamar wadda ta daɗe tana ajiye amsar: "Haƙuri sai Ma'aiki. Na gode Allah."

Alhamis ta zagayo. Muka tarar Makau ya riga ya rataye malafar Bature a bango, ta biyar a jere. Sharu ya ce a canza kaset, a sa wani na Gajere, an gaji. Makau ya ce a bari a gani sau ɗaya.

Bai yi fassara ba ran nan. Muka zauna muna kallon bakunan Turawa suna motsi babu sauti, har tudun ya fito. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sharu ya sauke ajiyar zuciya, ya fara cewa alhamdulillahi, sai ya tsaya.

Doki na shida yana nan a baya. Sirdinsa babu kowa, ragamarsa tana jan ƙasa. Sauran suka gangara suka ɓace, shi bai bi su ba. Ya tsaya a kan tudun, kansa ya juyo wajenmu, har hoton ya sauya.

Na san abin da tsohon zare yake iya yi, na kuma faɗa musu. Ba wanda ya yi mini musu, ba kuma wanda ya dube ni.

"Wa yake jira?" in ji Sharu.

Makau ya kashe akwatin, ya ɗaga labule, hasken yamma ya shigo ya sauka a bango. A nan na lura ƙusa biyu ya buga. Ɗaya tana ɗauke da malafar Bature. Ɗayar tana gefenta, sabuwa, tana ƙyalli.

"Guduma na hannu," ya ce, da ya ga inda nake kallo. "Na ce in rage wa wani wahala." Ya ɗauko rediyon Inna daga kan kanta ya miƙo mini. "Ta gyaru. Ka ce mata ta daina ajiye ta kusa da murhu."