Kwanon Farko a Rumfar Iya Gaji

Duk wanda ya taɓa aikin gareji a Takur ya san miyar kukar Iya Gaji. Ana idar da azahar makanikai da masu walda za su ɗunguma rumfarta, farce duk baƙin mai, su ci tuwo a gurguje kafin masu motoci su fara cigiyarsu. 'Yar Aujara ce, ta zo Dutse bayan rasuwar mijinta da tukunya da muciya, kuma da miyar nan ta rufa wa kanta asiri. Har ƙattin da ke ji da kansu suɗe kwano suke yi, ba kunya.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, harshenta ya mutu. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita da damina, ta tashi ba ta jin gishiri, ba ta jin yaji, ko warin daddawa ba ta ji. Ta san in maganar ta fita ciniki ya ƙare, sai komawa ƙauye ta zauna a hannun 'yan'uwa. Wannan take tsoro fiye da ciwon.

Sai ta sami dabara. Malam Muntaka, wani dattijo mai facin taya, shi ke riga kowa zuwa. Takan zuba masa kwanon farko, ta yi kamar tana iza wuta, alhali shi take kallo ta wutsiyar ido. In ya kai loma ya nemi ruwa, gishiri ya zarce, sai ta ƙara ruwan zafi a tukunya. In ya miƙa hannu wajen yaji, miya ta yi lami. In ya ci gaba da ci shiru, ta yi hamdala. Haka rani ya wuce, wata daminar ta zo, ita a ganinta ba wanda ya kai ta wayo.

Ran nan aka ce mata ƙanin Malam Muntaka ya rasu a Buji, dattijon ya tafi can tun da safe. Ta ɗanɗana miyar duk da ta san aikin banza ne, ta ji kamar ruwan ɗumi. Ga mutane can sun fara fitowa daga masallaci.

Sai ga Sadisu mai walda, wanda kullum shi ne na ƙarshe, yana sauri yana haki. Ya zauna daidai gurbin dattijon, ya ce, "Iya, a zuba min na farko."

Ya kai loma, ya yi jim yana kallon rufin rumfa kamar mai tuna karatu. Sannan ya ɗauki kofin ruwa, ya ɗaga shi sosai don ta gani, ya kurɓa.

Iya Gaji ta tsaya da ludayi a hannu. "Ɗan nan, wa ya koya maka haka?"

Sadisu ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya. "Baba Muntaka ne ya biyo ta shagona kafin ya hau mota. Ya ce kada a bar ki ke kaɗai yau. In gishiri ya yi yawa in sha ruwa, in ya gaza in taɓa yaji. Ya ce kuma kada in bari ki gane, to nan ne na kasa."

Ashe duk tsawon nan ba wayonta ba ne, dattijon yana sane, yana yi mata magana da kofi da yaji, bai taɓa kallon idonta ba balle ta ji kunya. Ta juya ta ƙara ruwan zafi a miya, tana mamakin mutumin da aka aiko wa rasuwar ƙaninsa amma ya tsaya tuna gishirin miyarta.