Ranar da Baba ya naɗe hannun riga

Shekara bakwai mahaifina yana gaya wa mutanen Kurfi cewa hannunsa bai taɓa sauka a jikin karen gidanmu ba. "Na gadi ne," in ji shi, "ni da shi sai kallo." Ko kwanon abinci da ƙafa yake tura masa, in dai akwai mai gani.

Sai gashin karen ya fara zuba, kunnuwa suka yi ɓawo, susa ba hutu. Maƙwabta suka zo da iliminsu: toka, man darbejiya, bakanike ya ba da baƙin mai. Duk muka shafa. Kare ya koma kamar gindin tukunya, susa ta ƙaru. Inna ta yanke hukunci: in masu sayen karnuka suka zo ranar kasuwa bai warke ba, ya bi su. Baba ya ce ina ruwansa. Washegari kuma ya ce in tayar da babur, wai yana da uzuri a Dutsin-Ma, tunda hanya ɗaya ce a sa karen a buhu.

Muna isa ya ce in zarce asibitin dabbobi. Likitar 'yar kudu ce, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibi. Ta ce a ƙarƙashin wannan kwalta ba abin da za ta gani. Sau uku na wanke shi da sabulu, ina ƙunƙuni, Baba na tsaye hannu a baya. Sannan ta kankari fatar da reza har jini ya ɗan tsatso, ta duba a madubin likita. Ba komai. Ta sake, ba komai.

Ta ce abu biyu take zargi. Ko garkuwar jikinsa ce ta rikice, wannan sai gwajin jini da jinyar watanni. Ko kuwa ƙazuwa ce, mai ƙwaron da ke da wuyar kamawa a madubi, amma allura kaɗan ta gama da shi. Bambancin, ƙazuwa na kama mai rungumar karen. "Baba, akwai mai susa a gida?"

Kwana huɗu ya rage kasuwa, kuma na san Inna ba za ta jira watanni ba. Na dubi Baba, sai a lokacin na lura tun daga gida yake goga hannu a bayana, ni kuwa na ɗauka tsoron gudu ne.

Ya dubi rufi, ya dubi kare. Kare sarkin tonon asiri ya kaɗa masa wutsiya. Sai Baba ya naɗe hannun riga: ƙuraje jajur har gwiwar hannu.

"Likita, in na tahi gona yakan ɗan jingina da ni. Mi zan ce mashi?"

Dariya ta kusa kashe ni, tausayinsa kuma ya kama ni. Aka yi wa kare allura, aka tura Baba asibitin mutane. A hanya ya roƙe ni kada Inna ta ji.

Muna shiga gida Inna ta dube shi ta ce, "Malam, an gano ciwon?" Ya ce sirrin likita ne. Ta ci gaba da tankaɗe. "Shekara bakwai nike tsince gashin kare a rigunanka. Da ni ka tambaya, da ba ku sha rana ba."

Ranar kasuwa Baba da kansa ya zauna a ƙofar gida, kare a gefen ƙafarsa, hannunsa a bisa kan karen.